ADIRESHIN INTANET: ƘAƘA SAƘO KE GANE HANYA?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau talho ya shiga garuruwa da ƙauyuka da rugage. Mai albasa a Galmi yana tambayar kuɗin buhu a Abijan. Uwa a Mirya tana jin muryar ɗanta da ya tafi cin rani Agadas. Saƙo yana isa tun ba a gama dama fura ba. To, cikin talho masu ɗimbin yawa da ke duniya, ƙaƙa saƙo ke gane wanda aka aika wa? Da adireshi yake ganewa. Mutumin da ya iya karanta adireshi kuwa, cutarsa sai da wuya.

MI AKE CE MA REZO?

In aka haɗa na'ura biyu ko fiye, suna aika wa juna saƙo, an yi rezo ke nan. Na'urar tana iya zama talho, tana iya zama kwamfuta. Kowane kamfanin talho yana da rezonsa. Banki yana da nasa. Intanet shi ne haɗuwarsu duka. Ku dubi yadda hanyoyin ƙauye ke faɗawa babbar kwalta da ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram, har Difa. Haka rezo ke faɗawa cikin rezo.

A Amurka aka fara wannan aiki, a shekarar 1969, da kwamfuta 4 kawai. A 1974 wasu masana biyu, Vint Cerf da Bob Kahn, suka tsara ƙa'idar da rezo daban-daban za su bi don su ji maganar juna. An koma aiki da ita ranar 1 ga Janairu 1983. Har yau ita ake bi.

SAƘO BUHU-BUHU YAKE TAFIYA

Mai aika albasa Abijan yana zuba ta cikin buhuna. Kowane buhu ana rubuta masa sunan mai aikawa, da sunan mai karɓa, da lamba. Buhunan suna iya shiga mota daban-daban. In sun isa, mai karɓa ya ƙirga. In ɗaya ya ɓace, ya aiko a sake turo shi.

Haka intanet ke yi. In ka aika hoton tinkiyarka, talho yana yanka hoton ƙanana-ƙanana. Kowane yanki yana ɗauke da adireshinka da na mai karɓa. Talhon da ke can shi ke jera su, hoto ya fito cikakke.

A kowace mararraba akwai na'ura mai nuna hanya. Aikinta irin na ɗan kamasho ne a tasha. Ɗan kamasho bai raka buhu har Abijan. Yana duba abin da aka rubuta, ya ce a sa shi cikin mota kaza. A tasha ta gaba wani ya karɓa. In hanya ta lalace, a bi wata.

Daga talhonka saƙo yana zuwa ga dogon ƙarfen rezo. Daga nan ya shiga wayar gilashi da aka binne a ƙasa. Zaren cikinta siriri ne kamar gashi, haske ke gudu a ciki. Nijar ba ta da teku, don haka wayoyinmu suna ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga manyan wayoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku. A watan Yuli 2009 wayar teku mai suna SAT-3, wadda ke sauka Kwatano, ta lalace. Intanet ya yanke a Benin, Togo da Nijar. Kun ga, wani lokaci ƙarfen garinku lafiya yake, ciwon yana can nesa.

ADIRESHIN LAMBA

Na'ura ba ta san sunan gari ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ta shiga intanet ana ba ta lamba. Ana ce mata adireshin IP. Ga misalinsa: 192.168.1.1. Lamba 4 ce, da ɗigo tsakaninsu. Kowace ɗaya tana tsakanin 0 da 255. Lambobin farko suna nuna rezo, kamar sunan gari. Na ƙarshe suna nuna na'ura, kamar ƙofar gida.

Kada ku haɗa shi da lambar talho. Lambar talho ta Nijar tana da ƙwaya 8, daga waje kuma ana fara ta da 227. Wannan taka ce, kana riƙe da ita. Adireshin IP aro ne daga kamfani. Na yau yana iya bambanta da na gobe, ba tare da ka sani ba.

Irin wannan adireshi mai lamba 4 yawansa wajen miliyar 4 da miliyon 300 ne. Miliyar ɗaya miliyon 1000 ke nan. Waɗanda suka tsara shi sun ga kamar ya isa. Amma mutanen duniya sun haura miliyar 8 a 2022, wani ma talho biyu gare shi. Tun a watan Fabrairu 2011 babban rumbun adireshi na duniya ya ƙare.

Dabara biyu aka yi. Ta farko irin ta gidan gandu ce. Gida nawa ne ke da Auta ko Tanko? Ba a rikicewa, don cikin gida ake kiransu haka. Wasiƙa kuwa da sunan maigida take zuwa, shi ya miƙa wa mai ita. Haka na'urori da yawa ke fita waje da adireshi guda. Dabara ta biyu ita ce sabon adireshi mai tsawo, IPv6, wanda yawansa ya wuce lissafin baki. Ƙungiyar da ke rabon adireshi a Afirka sunanta AFRINIC. A tsibirin Moris take, tun 2005 aka ba ta wannan aiki.

ADIRESHIN SUNA

Mutum ba ya iya riƙe dubban lambobi a kai. Shi ya sa a 1983 aka ƙago tsarin sunaye. Ka rubuta suna, talho ya tambayi wata kwamfuta mai rajista, kamar magatakardan sarki. Ita ta ba shi lambar da ta yi daidai da sunan.

Ana karanta sunan daga ƙarshe. Wutsiyarsa ke faɗin inda aka yi masa rajista. Ta Nijar ita ce .ne, ta Najeriya .ng, ta Cadi .td, ta Mali .ml, ta Benin .bj. Ofisoshin gwamnatin Nijar da yawa sunansu yana ƙarewa da gouv.ne. Suna yana tsayawa ne inda aka sa sanda mai karkata ta farko, wato wannan alama: /.

MU YI HATTARA

Nan macuta ke shiga. Sai saƙo ya zo cewa ana rabon taki ko kuɗi kyauta, ka danna nan. Makiyayi ba ya sayen saniya sai ya duba shaidar da ke jikinta. Kai ma duba adireshi.

1. Ka karanta sunan baƙi-baƙi. Macuci yana canza baƙi ɗaya don ya yi kama da na gaskiya.

2. Ka dubi wutsiya. In bayan gouv.ne an ƙara ɗigo da wasu kalmomi kafin sanda mai karkata, to sunan na wani ne daban.

3. Lambar sirri ta kuɗinka, da lambar da aka turo maka ta talho, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.

4. In kana shakka, ka tambayi malamin gona, ko malamin dabbobi, ko shugaban ƙungiyarku. Matambayi ba ya ɓata.

Ƴan'uwa, duk wannan da baƙaƙe da lambobin da muke koyo a ajin yaƙi da jahilci ake yin sa. Wanda ya iya bambanta ne da ng ya riga ya san Nijar daga Najeriya a kan talho. Maza da mata, mu dage da zuwa aji. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.