Kamun kifin halibat a tekun Alaska: yadda ake zaɓen jirgin haya

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogi a Yamai ko Gaya ya san giwan ruwa, ya san kuma cikin kifayenmu babu wanda ya kai shi girma. To, can ƙuryar arewacin duniya akwai wani kifi da ya fi shi. Sunansa halibat. Kowace shekara mutane suna barin garuruwansu su tafi Alaska, su yi hayar jirgin ruwa da kuɗi masu yawa domin su kama shi da fatsa. Wasu suna komawa gida da tsoka da murna. Wasu kuwa sai amai da hasarar kuɗi. Sau da yawa bambancin yana ga abu ɗaya: jirgin da mutum ya zaɓa.

Wane irin kifi ne?

Halibat kifi ne mai faɗi kamar faifai, yana kwance a ƙasan teku bisa rairayi da tsakuwa. Gefen da ke kallon sama baƙi-baƙi ne, na ƙasa fari fat. In an ƙyanƙyashe shi, idanunsa ɗaya dama ɗaya hagu, kamar na sauran kifaye. In ya kai kamar wata 6, sai idon hagu ya gusa sannu-sannu ya koma gefen dama. Daga nan sai ya kwanta a kan hagunsa har ƙarshen rayuwarsa.

Mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba. A shekarar 1996 an kama wani da fatsa kusa da Unalaska mai nauyin kilo 208, wato ya fi buhu biyu na gero nauyi. Masana suna gane shekarun halibat ta wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa, mai zobe-zobe kamar na kututturen itace. Da haka aka samu wanda ya kai shekara 55. Masuntan Alaska suna kiran ƙanana "kaji", manya-manyan kuwa "ƙyauren rumbu".

Da hunturu kifin yana gangarawa ruwa mai zurfi ya zuba ƙwai. In sanyi ya sassauta sai ya matso kusa da gaɓa neman abinci. Shi ya sa jiragen haya suka fi aiki daga watan Mayu zuwa Satumba.

Ina ake zuwa?

Alaska jiha ce ta Amurka. An saye ta daga hannun Rasha a 1867, ta zama jiha a 1959. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 700, wato ta fi ƙasar Nijar girma. Garuruwan da suka yi suna wajen wannan kamu su ne Homa, Suwad, Kodiyak da Sitka. Homa tana da nisan kilomita kamar 350 daga babban garin Ankorej. Tashar jiragenta tana bisa wani tsirin ƙasa da ya miƙe cikin teku kilomita 7.

Zaɓen gari shi ne zaɓe na farko, domin ruwan wurare ba ɗaya ba ne. Daga wata tashar, tafiyar awa ɗaya ta isa a kai makamar kifi. Daga wata kuwa sai an yi awa biyu ko uku cikin buɗaɗɗen teku mai taguwa. Wanda zai tafi da yara ko tsofaffi, gajeriyar tafiya ta fi masa.

Tambaya ta farko: ina takardu?

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a yi maganar kuɗi, sai a tambayi mai jirgi takardunsa.

Ta farko ita ce takardar tuƙi, wadda rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka take bayarwa. Ta biyu ita ce takardar izinin ɗaukar baƙi kamun halibat. Tun 2011 aka wajabta ta a kudu maso gabas da kudu ta tsakiya ta Alaska, kuma ba kowa ake ba ta ba. A jikinta an rubuta yankin da jirgi zai yi aiki da yawan masu fatsar da zai ɗauka. Ta uku shi ne kundin kamu, inda matuƙi yake rubuta kifin da kowane baƙo ya riƙe. Shi ma baƙo, in ya kai shekara 16 kuma ba mazaunin jihar ba ne, dole ya sayi takardar izinin fatsa.

Mai jirgin da ya yi ta kame-kame in an tambaye shi takarda, a bar shi. Wanda ya raina dokar takarda a tudu zai raina dokar tsaro a kan ruwa.

Ƙaramin jirgi ko babba?

Jiragen haya iri biyu ne. Akwai ƙarami, wanda doka ta kayyade masa fasinja 6. Akwai babba, mai ɗaukar fiye da haka. Shi babba dole ma'aikatan tsaron teku su riƙa bincikensa, su ba shi takardar shaida da za a manna inda kowa zai gani.

Ƙaramin jirgi ya fi sauri, kuma matuƙi yana da lokacin kula da kowa. Amma taguwar ruwa tana wujijjiga shi, kuɗin kujerarsa kuma yakan fi tsada. Babba ya fi zama daram, yana da ɗaki mai ɗumi da makewayi. Aibinsa shi ne cunkoso: in masu fatsa sun yi yawa, igiyoyi suna sarƙewa da juna, yaron jirgi kuma ba ya iya kai wa kowa agaji a lokaci ɗaya. Don haka a tambaya: mutum nawa za a ɗauka, ma'aikata nawa ne a ciki?

Ana iya sayen kujera ɗaya a haɗu da baƙi, ana kuma iya ɗaukar shatar jirgin baki ɗaya. Akwai tafiyar rabin yini, akwai ta yini cur. Ta rabin yini ba ta nisa, kuma galibi ƙananan kifaye ake samu.

Rai ya fi kifi

Ruwan Alaska, ko a tsakiyar lokacin zafinsu, sanyinsa yana kewayen digiri 10. Masu koyar da ceto suna cewa wanda ya faɗa irin wannan ruwa yana da minti 1 na daidaita numfashi, da minti kamar 10 kafin hannuwa da ƙafafu su sandare. In yana sanye da rigar ceto, yana iya kai awa ɗaya bai suma ba. In babu ita, ko gwanin iyo ne, zai nutse tun kafin sanyin ya kashe shi.

Saboda haka jirgin kirki yana da rigar ceto ta kowa, har da ƙanana daidai jikin yara. Yana da rediyon kiran agaji, da abin kashe gobara, da akwatin magani, da na'urar da ke nuna inda jirgi yake in ya yi haɗari. Matuƙi nagari ba ya tashi sai ya tara fasinjoji ya nuna musu inda kowane abu yake.

Akwai tambaya ɗaya da ke tona halin mai jirgi: in iska ta taso, me kake yi? Na ƙwarai zai ce yana fasa tafiya, ya mayar da kuɗi ko ya sa wata rana. Wanda ya yi alfahari cewa shi iska ba ta taɓa hana shi fita ba, a guje shi. Kuma kafin a biya kafin alƙalami, sai a nemi sharuɗɗan fasawa a rubuce.

Shi kansa kifin abin tsoro ne. Babban halibat in ya yi bugu da wutsiya a cikin jirgi yana iya karya ƙafar mutum. Shi ya sa ake sukarsa da mashi, wani lokaci har a harbe shi, tun yana cikin ruwa. Wannan aikin ma'aikatan jirgi ne. Baƙo sai ya ja da baya ya ba su wuri.

A duba wata kafin a sa rana

Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini. A mashigin Kuk, kusa da Homa, bambancin cika da janyewa yana kai mita da yawa, ruwa kuma yana gudu kamar kogi da damina. Tun da kifin a ƙasa yake, sai an ɗaura darma mai nauyin rabin kilo zuwa kilo 2 kafin koto ya isa wurinsa. In ruwa yana gudu da ƙarfi, darmar ba ta zama, hannu kuma yana gajiya. Gudun ya fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, ya fi sauƙi a tsakaninsu. Matuƙin da ya san aikinsa zai faɗa wa baƙo ranakun da suka fi dacewa, da lokacin da ruwa ke lafawa.

Doka da gobe

Tun 1923 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniya don kare wannan kifi, suka kafa hukuma ta haɗin gwiwa mai mazauni a Siyatil. Kowace shekara tana auna yawan kifin ta kayyade abin da za a kama. Kafin 1995, lokacin kamun ƴan kasuwa a wasu yankuna ya taƙaita har ya koma ƴan kwanaki ƙalilan a shekara. Jirage suna rige-rige ko da hadari, ana hasarar rayuka. A 1995 aka raba wa kowa kasonsa, rige-rigen ya ƙare.

Baƙin jiragen haya su ma suna da iyaka. A 2024, a yankin Homa da Suwad, baƙo yana iya riƙe kifi 2 a yini: ɗaya ko wane girma, ɗayan kada ya wuce santimita 71. An kuma hana riƙe halibat ranar Laraba. A yankin Sitka kifi 1 tak aka yarda. Dokar tana canjawa shekara-shekara, don haka a tambayi ta bana kafin a sa rana. Matuƙin da ya ce zai ƙara wa baƙo da rabon ma'aikatansa, karya doka ya yi.

Dalilin wannan tsanani shi ne halibat na yanzu bai kai girman sa'ansa na shekarun 1980 ba. Manyan kuma kusan duk mata ne, babba ɗaya tana iya zuba ƙwai miliyoyi. Matuƙa da yawa suna ba baƙi shawara su ɗauki hoton babbar su sake ta. Wanda ya yanka kaza mai ƙwai, ya ci na yau ya hana na gobe.

Ta fannin lafiya

Tsokar halibat fara ce, ba ta da kitse da yawa, tana gina jiki. Amma babban kifi ya daɗe yana cin ƙanana, don haka zaiba takan taru a jikinsa. Ma'aikatan kiwon lafiya na Alaska suna ba mata masu ciki, da masu shayarwa, da yara shawara su rage cin manyan. Ƙarami da matsakaici sun fi lafiya, sun kuma fi taushi.

Jiri da amai su ne suka fi ɓata wa baƙi yini. Maganinsu ana shan sa tun kafin jirgi ya tashi, bayan an nemi shawarar likita. Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi barci sosai, a ci abinci marar maiƙo, a zauna inda iska ke kaɗawa, a riƙa kallon nesa. A sa tufafi masu kauri da rigar ruwa.

Lissafin kuɗi

Kujera ɗaya ta yini tana cin ɗaruruwan dalolin Amurka. Araha ba ta ado. A tambaya ko kuɗin ya haɗa da sandar fatsa, da koto, da abinci, da feɗe kifi. Sanya shi cikin leda da daskarar da shi da aikawa gida, galibi kuɗinsu daban ne. A tuna kuma tsokar da ake fitarwa kamar rabin nauyin kifin ce ko ɗan fiye. Akwai kuma tukuicin yaran jirgi, wanda al'adar can ta tanada.

Wanda ya yi wa baƙo alkawarin lalle zai kama ƙaton kifi, daɗin baki ne, domin babu mai iko da abin da ke ƙasan teku. Abin da matuƙi zai iya alkawari shi ne takardu cikakku, jirgi mai lafiya, gaskiya wajen kuɗi, da mayar da kowa gaɓa kafin dare. In an samu mai waɗannan huɗu, a biya shi kuɗinsa da zuciya ɗaya.