Kwana 70: tsakanin tabar wiwi da hatsin Dakoro

Kwanakin baya ina zaune a tashar Dakoro, ina jiran motar Maraɗi ta cika, sai wani saurayi ɗan abokina, wanda bai daɗe da dawowa daga cin rani ba, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce: "Kawu, kai da ka yi lakkwal, karanta mini wannan, ka faɗa mini ko gaskiya ne." Talla ce da Faransanci, ta wasu masu sayar da iri a Turai. Suna cewa suna da irin tabar wiwi mai yin fure da kanta, wadda daga shuka zuwa girbi ba ta wuce kwana 70. Yaron nan ya riga ya yi lissafinsa: daminarmu gajera ce, ga kuwa shukar da ba ta da dogon jira.

Ban ba shi amsa mai gamsarwa a ranar ba, domin direba ya kira mu. Ga amsar yau, kuma na kawo ta wannan shafi ne saboda na san ba shi kaɗai ne mai irin wannan waya da irin wannan lissafi ba. Maganar kwana 70 ba ƙarya ba ce. Amma gaskiyar da aka faɗi rabinta ta fi ƙarya cutarwa.

Shukar da ke ƙidayar dare

Kafin mu je Turai, mu fara da abin da kowane manomi na Kornaka ko Birnin Lalle ya sani. Idan ka shuka hatsi da maiwa rana ɗaya, hatsi zai fitar da kai ya nuna, maiwa kuwa tana nan tana ta ganye, ba ta fitar da kai sai damina ta juya baya. Ko ka shuka ta da ruwan farko, ko ka makara, lokacin fitar kanta kusan ɗaya ne. Haka wasu irin dawa, haka waken gargajiya mai yaɗo. Kakanninmu sun san wannan hali tun ba a rubuta shi a littafi ba.

Masana sun gano dalilinsa a farkon ƙarnin da ya wuce. Wani Bafaranshe mai suna Julien Tournois ya lura, tun 1912, cewa shukar wiwi tana saurin yin fure idan aka rage mata hasken yini. A 1920 wasu Amurkawa biyu, Garner da Allard, suka tabbatar da abin a kan taba da waken suya. Daga baya aka gane cewa tsawon dare ne shukar ke aunawa: sai dare ya kai wani tsawo sannan ta bar yin ganye ta koma yin fure. Tabar wiwi ta asali tana cikin wannan rukuni, ƴar'uwar maiwa ce a hali. A ƙasashen sanyi, inda yinin bazara ke kai awa 16 ko fiye, takan yi wata 5 ko 6 a fili kafin ta nuna, sau da yawa ma sanyi ya riga ta.

To, a 1924 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Janischewsky, ya bayyana wata wiwi ta daji da ke fitowa a bakin hanyoyi da kufai a yankin kogin Volga, ya raɗa mata suna ruderalis. Gajera ce, ba ta da ƙarfin sa maye, amma tana da hali guda da ya bambanta ta: ba ruwanta da tsawon dare. Da ta yi ƴan makonni da tsirowa sai ta yi fure, domin a ƙasarsu lokacin ɗumi kaɗan ne, wadda ta tsaya jira ta mutu ba iri. A farkon shekarun 2000 masu sayar da iri suka yi ta auratayya tsakanin wannan ta daji da mai ƙarfin maye, har suka samu wadda ta haɗa halayen biyu. Ita ce ake talla yau. Takan fara fure tana da mako 3 zuwa 4, ta nuna cikin mako 10 zuwa 12, wasu ƙasa da haka kaɗan. Ga tushen kwana 70 ɗin da yaron ya gani.

Abin da talla ba ta faɗa ba

Na farko, wannan iri maganin ciwon wasu ne, ba namu ba. An ƙirƙire shi domin ƙasashen da yininsu ke da tsawo ƙwarai da bazara. Mu nan Dakoro, yini mafi tsawo, a watan Yuni, bai wuce awa 13 ba. Mafi gajarta, a Disamba, ya ɗan haura awa 11. Abin da ke hana mu noma ba tsawon yini ba ne, ƙarancin ruwa ne da gajiyar ƙasa. Mai sayar da iri a Turai bai taɓa ganin rairayin Tarka ba, kuma bai yi alkawarin ruwa ba.

Na biyu, doka. A Nijar, dokar da ake kira Ordonnance 99-42, ta ranar 23 ga Satumba 1999, ta hana noman wiwi, da sayar da ita, da safararta, da shan ta. Dokar ba ta tambayar ko shukar doguwa ce ko gajera, ko ta yi wata 6 ko kwana 70. Wanda aka kama da ita a gona, hukuncinsa kaso ne, kuma lissafin kaso da shekaru ake yin sa, ba da kwanaki ba. Akwai hukuma ta musamman, OCRTIS, mai farautar masu wannan fatauci, ban da jandarmomi da ƴan duwan da ke kan hanyoyi. A maƙwabciyarmu Najeriya ma haka abin yake: tun 1966 dokar soja ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai noman ta, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana ƙona gonakinta a dazuzzukan jihohin Ondo da Edo.

Wani zai ce ai wasu ƙasashe sun halatta. Gaskiya ne. Urugwai ta yi a 2013, Kanada a 2018, Jamus ta sassauta a 2024. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi dokar noma don magani da masana'antu a 2021. Amma inda ake noman ta don kasuwa a waɗannan ƙasashe, da lasisi ake yi, hukuma na sa ido a gona da sito. Kuma dokar Rabat ba ta fid da mutum daga hannun alƙalin Dakoro.

Na uku, riba. Ƴan kasuwa sun fi ni sanin cewa a kowane fatauci akwai mai cin tsoka, akwai mai tsotsar ƙashi. A watan Maris na 2021 ƴan sanda suka kama tan 17 na daskararren ƙaron wiwi a wani sito a Yamai. Kayan daga Labanan suka taso, suka sauka tashar jirgin ruwa ta Lome, ana nufin kai su Libiya. Masu irin wannan dukiya ba su riƙe hauya ba. Ƙaramin manomi shi ne wanda gonarsa ba ta gudu, shi ne kuma wanda ake fara kamawa. Kura ta ci, kare ya sha duka.

Na huɗu, kuma shi ya fi nauyi: wa zai sha? Ba Bature ba ne zai zo saye, ƴaƴanmu ne na tasha da na bakin kasuwa, waɗanda tiramol ya riga ya raunana. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar sun kai miliyan 10 da dubu 600. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2019, wanda aka gudanar a wurare da dama na Turai da Barazil, ya nuna mai shan wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 3 wajen haɗarin taɓin hankali. Idan mai ƙarfi ce yake sha, kusan sau 5. Irin da ake talla yau kuwa, da ƙarfinsa ake yabon sa. A Dakoro, iyalin da ɗansu ya taɓu sun san tsadar mota zuwa likitar Maraɗi, mai nisan kilomita fiye da 100, sun san kuma kunyar da ba a faɗa.

Kwana 70 ɗin da muke bukata

Duk da haka ban ga laifin lissafin yaron ba. A kan shukar da bai dace ba ya ɗora shi. Tambayarsa ita ce tambayar ƙasar Dakoro baki ɗaya: me za a shuka ya nuna kafin ruwa ya ɗauke? Muna zaune ne a bakin iyakar noma. Dokar 1961 ta shata layin da gona ba za ta wuce ba ta arewa, domin a bar wa makiyaya fili, kuma kwarin Tarka yana kan wannan iyaka. Ruwan shekara a nan yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400, daminar kuma da wuya ta wuce wata 3. Waɗanda suka ga 1973, da 1984, da 2005, sun san ma'anar hatsi ya bushe da kai a ciki saboda ruwa ɗaya da bai zo ba.

A nan ne ilmin da muka ambata a sama ke da amfani na halal. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, mai babbar tasha a Tarna kusa da Maraɗi, ta daɗe tana zaɓen iri mai saurin nuna. Hatsin HKP, wanda manoma da yawa suka sani, yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90. A 2018 aka fitar da wani mai suna Chakti, aikin cibiyar ICRISAT tare da INRAN, mai nuna cikin kusan kwana 65 zuwa 70, wanda ƙwayarsa ke da sinadarin ƙarfe mai yawa, abin da mata masu ciki da yara ƙanana ke rasawa. A wajen wake ma akwai irin da ba ya jiran dare ya yi tsawo, mai ba da ƴaƴa cikin wata 2 da ƴan kwanaki. Ga kwana 70 da ke cika rumbu, ba mai gudun jandarma saboda su.

Sai dai kada mu ma mu faɗi rabin gaskiya. Iri mai sauri yana da nasa aibi. Agogonsa ba ya tsayawa: idan fari ya same shi lokacin bununi, ba shi da sauran dama, alhali mai jinkiri yakan farfaɗo. Zangarniyar wasunsu gajera ce, karansu kaɗan ne, ga mai dabbobi da mai darni kuwa kara dukiya ne. Gonar da ta riga sauran nuna, ita tsuntsaye ke sauka a kai. Shi ya sa manomi mai hankali ba ya zubar da irin kakanninsa, irin su Zango da Ankutes. Yakan raba gona, wani gefe mai sauri don tsallake yunwar marka, wani gefe na gado don cikar rumbu. Kuma irin da aka gyara yana gaurayuwa da na maƙwabta, sai an sabunta shi bayan ƴan shekaru.

Nan ne aikin masu karanta wannan shafi ya shigo. Ɗan kasuwar da ke kawo sukari da shinkafa daga Maraɗi yana iya kawo iri mai takardar shaida, a ƙananan ƙunshi da talaka zai iya saye, ya iso kasuwannin Sabon Mashi da Ajekoriya tun watan Mayu, ba bayan an gama shuka ba. Ma'aikacin gona yana iya yin gonar gwaji a bakin hanya, inda mai wucewa zai gani da idonsa. Malamin lakkwal da limami suna iya yi wa samari maganar wiwi tun kafin waya ta riga su. Wanda ya sayar da hatsin ci da sunan iri kuwa, ya sani ya ci amanar shekara guda ta gidan wani.

Shi kuwa ɗana na tasha, ga amsarka. Abin da ka karanta gaskiya ne: akwai wiwi mai nuna cikin kwana 70. Amma gonar mahaifinka guda ce, kai ma guda ne gare shi. Idan sauri kake so, je ka ofishin ma'aikatan gona ka tambayi iri. Kwanakin ɗaya ne, abin da za ka kai gida ne ya bambanta. Hausawa sun ce, abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.