Waɗanda Ba Sa Hawa Bagade: Nazari Kan Masu Hidimar Bishara a Kudancin Kano

A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda zuriyar Maguzawa da yawa suka zama Masihiyawa, ikilisiya na ƙara gane cewa wa'azin Lahadi kaɗai ba ya riƙe majami'a. Masu riƙe ta su ne matar mai bishara da ke girka wa baƙi tuwo, da malamin makarantar Lahadi, da dattijon da ke ƙirga baiko, da matashin da ke goya fasto a babur ta hanyar da damina ta cinye. A tarukan godiyar kaka yanzu akan kira sunayensu a yi musu addu'a. Me ya kawo haka?

Dalili na farko tarihi ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita wa mishan wa'azi a masarautun Musulmi. Da ƙofa ta buɗe wa ƙungiyar mishan ta SIM a ƙasar Kano a shekarun 1930, ta hanyar jinya ta buɗe: kula da kutare a Yadakunya, sai asibitin ido na Kano a 1943. Ke nan tun farko mai wanke gyambo ya riga mai wa'azi isa wurin jama'a. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 kuwa sai da aka samu mai koyar da baƙi da wasali a gindin bishiya kafin ya amfani manomi.

Na biyu, aljihu. Tun da ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, nauyin ciyar da mai bishara ya riƙa komawa kan 'yan ƙasa. A karkara wannan nauyi dami ne da mudu. Bayan girbi, 'yan Zumuntar Mata kan zo da dawa da masara a kwarya, a juye a buhu a gaban bagade, ma'aji na rubutawa. Maza kan yi gayya a gonar ikilisiya. In fasto ko fada guda ne ke zagaya ƙauyuka da dama, katekis ko dattijo ke jan sujada, ya gai da mara lafiya, ya tsaya a jana'iza.

Na uku, yanayin zama. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, da rikicin Tudun Wada na 2007 da ya ci majami'u, mutane sun ga cewa amsa-kuwwa a bakin kasuwa na iya jawo fitina. Rijiyar da kowa ke ɗiba da ɗakin shan magani da ba ya tambayar addini sun fi kiyaye zumunci, musamman a gidan da wa Musulmi ne, ƙane Kirista.

Amfanin wannan sauyi a fili yake. Majami'ar da ke da masu hidima ba ta watsewa don an yi wa fasto canjin wurin aiki. Mata, waɗanda galibi ba sa hawa bagade, sun samu murya a shawarar kuɗi. Fastoci kuma na tunatar da cewa Manzo Bulus ya rufe wasiƙarsa ga Romawa da jerin mataimaka irin su Fibi, Bilkisu da Akila.

Sai dai akwai illa. Yabo na iya zama hanyar kauce wa biyan haƙƙi: a ce wa malamin aji “ladanka na sama”, alhali kuɗin makarantar 'ya'yansa na ƙasa. Shi ya sa matasan da suka yi karatu ke tafiya Kano, Zariya ko Jos, aikin ya rage wa tsofaffi da mata. Kuma wanda aka saba yaba wa shirunsa yakan ji nauyin tambayar inda baiko ya shiga.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannun da bai ci ba ma ba ya ɗauka. Idan gundumomin ikilisiya da gaske suke, su sa alawus ɗin waɗannan bayin Allah a kasafin shekara, su tura su horo, su ba su kujera a majalisar da ke yanke shawara.