Gaskiya ko Jita-jita: Fadar Indiya da Ke Tsakiyar Ruwa

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya ya san hoton: gini mai ƙubbobi zaune a tsakiyar ruwa, duwatsu sun tokare shi ta baya, babu gada, babu hanya. Yanzu da mutanenmu ke yawan zuwa Indiya neman magani ko karatu ko fatauci, hoton ya bar akwatin talabijin ya koma wayoyi, kuma kowa da labarin da yake haɗa shi da shi. Wani ya ce ginin yawo yake yi a kan ruwa. Wani ya ce ambaliya ce ta cinye shi. Wani kuwa ya rantse cewa wansa ya kwana a ciki. To, mu bi maganganun nan mu ga wacce za ta tsaya da ƙafarta.

"Ai duk fada ɗaya ce"

Jita-jita ce, kuma ita ce uwar yawancin ruɗanin. Gine-gine biyu ake cakuɗawa, dukansu a jihar Rajasthan da ke arewa maso yammacin Indiya, amma tsakaninsu tafiya ce ta wajen kilomita 400. Na farko shi ne Jal Mahal, a tafkin Man Sagar da ke gefen birnin Jaipur, kan hanyar zuwa ganuwar Amer. Launinsa ƙasa-ƙasa ne. Na biyu fari ne fat, yana tafkin Pichola a birnin Udaipur, asalin sunansa Jag Niwas, amma duniya ta fi saninsa da Lake Palace. Wanda ya ce wansa ya kwana a fadar tsakiyar ruwa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, in dai ta Udaipur yake nufi kuma aljihun wan nasa da nauyi. In ta Jaipur ce, to a sake bincike.

"A kan ruwa take yawo" ko "ruwa ne ya cinye ta"

Duka biyun ba haka ba ne. Ta Udaipur a kan tsibirin dutse aka gina ta, mai faɗin kamar eka huɗu, tsakanin 1743 da 1746, a zamanin Maharana Jagat Singh na Biyu. Magina sun mamaye tsibirin kaf, ba su bar ko taƙi ɗaya na ƙasa a waje ba, shi ya sa bangon ke sauka kai tsaye cikin ruwa, ido ya ga kamar gini na iyo. Fari ya sha tona wannan asiri. A shekarun da damina ta gaza, musamman a farkon shekarun 2000, tafkin Pichola ya ƙafe har mutane suka riƙa takawa da ƙafa a inda kwale-kwale ke bi, fadar kuwa tana nan daram a kan dutsenta.

Jal Mahal ma ba hatsari ne ya jefa ta cikin ruwa ba. Harsashinta a ƙasan tafkin yake, an kuma gina ta ne da sanin cewa ruwa zai hau jikinta in damina ta yi kyau, ya ja baya da rani.

A ganina, a nan ne masu yawon buɗe ido ke barin babban labari su kama ƙarami. Tafkunan nan biyu ba na Allah-ya-yi ba ne, hannun mutum ne ya tare su. Rajasthan ƙasa ce ta ƙarancin ruwa, hamadar Thar ta cinye yammacinta, ruwan sama kuwa kusan duk a 'yan watanni yake zuba, daga Yuli zuwa Satumba. Wanda bai tare shi a lokacin ba, sai wata shekara. Bayan wata yunwa da ta auka wa yankin Amer a ƙarshen ƙarni na 16, masu mulkin wurin sun gina madatsa a wani kwazazzabo tsakanin duwatsu, da ƙasa da dutse tun farko, daga baya aka mayar da ita ta ginin dutse. Tafkin da ya taru a bayanta shi ne Man Sagar, mai ɗauke da sunan Raja Man Singh, sarkin Amer, wanda yana cikin manyan jagororin yaƙi na Sarki Akbar na daular Mughal. Ko birnin Jaipur ɗin ma bai zo ba sai 1727, lokacin da Sawai Jai Singh na Biyu ya kafa shi. Pichola ya fi shi tsufa: tun ƙarni na 14 aka fara tare shi, sannan Maharana Udai Singh na Biyu, wanda ya kafa Udaipur a 1559, ya faɗaɗa shi. Wato ruwan sha da na noma ne suka fara zuwa, fadar daga baya ta biyo. Mutumin Kano da ya san abin da madatsar Tiga ta yi wa noman rani a Kadawa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

"Hawa biyar ce, huɗu na ƙarƙashin ruwa"

Wannan ita ce maganar da 'yan rakiyar baƙi a Jaipur suka fi so, har ta shiga littattafan tafiye-tafiye da yawa. Akwai gaskiya a gindinta: ƙasan ginin yana nutsewa in tafkin ya cika, abin da ake hangowa daga bakin hanya ba shi ne duka ginin ba. Amma a yi lissafi. Tafkin Man Sagar ba mai zurfi ba ne. Inda ya fi zurfi bai kai mita biyar ba. Hawa huɗu na ginin sarauta, ko da kowanne mita uku ne kacal, sun kai mita goma sha biyu. Ina ruwan da zai rufe su? Hukuncina: gaskiya ce da aka ƙara wa gishiri.

Shekarar ginin ma haka take, kowane littafi da tasa, ana jingina shi ga sarakunan Jaipur daban-daban. Inda bakin masana ya haɗu shi ne, siffar da ake gani yau ta ƙarni na 18 ce.

"Nan sarki yake zaune da iyalinsa"

A'a. Gidan sarautar Jaipur yana tsakiyar birni, na Udaipur kuma yana bakin tafkin, ba cikinsa ba. Jal Mahal wurin shan iska ne da farautar agwagin ruwa. Abin da ya fi ɗaukar ido a cikinta lambu ne a saman rufi, da rumfuna masu ƙubba a kusurwoyi huɗu. Jag Niwas kuwa mafakar sarakunan Udaipur ce daga zafin bazara. Waɗannan ƙubbobin ne ke sa wasu daga cikinmu su ɗauka masallaci ne ko ginin Musulmi. Sarakunan Rajput ne suka gina su, mabiya addinin Hindu, sai dai sun daɗe suna cuɗanya da daular Mughal, ginin kowa ya ɗauki hannu daga na ɗan'uwansa.

"Daga nan aka kwaikwayi Taj Mahal"

Rabi tarihi, rabi baka. A tafkin Pichola akwai wata fadar a wani tsibiri dabam, Jag Mandir. Yarima Khurram, wanda daga baya ya zama Sarki Shah Jahan, ya sami mafaka a can a 1623 lokacin da ya yi wa mahaifinsa Jahangir tawaye. Wannan ya tabbata. Shi ne kuma ya gina Taj Mahal a Agra bayan rasuwar matarsa Mumtaz a 1631. Amma cewa abin da ya gani a tsibirin ne ya zana masa Taj Mahal a zuciya, labari ne da mutanen Udaipur ke jin daɗin bayarwa. Farar fadar da ke cikin hotuna dai ba ta cikin zancen, domin an gina ta fiye da shekara ɗari bayan zaman Khurram. Sunan Taj da ake haɗawa da na Lake Palace a yau na kamfanin otal ne da ya karɓi tafiyar da ita a 1971.

"Da ka biya kuɗin kwale-kwale za ka shiga"

Nan ne baƙo ya fi shan mamaki. Jag Niwas ta zama otal tun shekarun 1960, ɗaya daga cikin mafiya tsada a Indiya, a can ma aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin James Bond mai suna Octopussy na 1983. Jirgin ruwan otal ɗin na masu ɗaki ne. Sauran jama'a suna hawa kwale-kwalen da ke zagaya tafkin, su wuce ta gefenta, su sauka a Jag Mandir.

Jal Mahal kuwa an daɗe ba a barin jama'a su shiga. Shekaru da dama magudanun ƙazantar Jaipur na zuba cikin tafkin, har wari ya kori masu zuwa, ginin ya lalace. A shekarun 2000 gwamnatin jihar ta ba wani kamfani hayar wurin na dogon lokaci, aka karkatar da magudanun, aka yashe tafkin, aka gyara ginin da lambunsa, tsuntsaye suka fara dawowa. Sai dai yarjejeniyar hayar ta jawo shari'a har gaban Kotun Ƙolin Indiya, ƙofar kuma ba ta buɗe wa kowa da kowa ba. Abin da mai ziyara ke samu shi ne dandalin da ke bakin tafkin, da masu sayar da kayan ƙwalam da na tsaraba, da raƙuman haya, da hoto daga nesa. Tsayawa a wurin kyauta ce.

Saboda haka, mai karatu, in Allah ya kai ka Delhi kuma ka sami sarari, Jaipur ba ta kai kilomita 300 daga can ba. Ka nufi lokacin sanyi, tsakanin Oktoba da Maris, sa'ad da tafkin ke da ruwa kuma rana ba ta kai zafin Mayu ba. Ka haɗa Jal Mahal da ganuwar Amer, tun da hanya ɗaya ce, rabin sa'a ya ishe ka a bakin ruwan. Duk kuma wanda ya tare ka a can ya ce zai shigar da kai ciki in ka ba shi wani abu, ka riƙe kuɗinka.