Yadda A Ke Kama Siginar Rediyo Mai Ɓulla Ta Ɓace

Duk wanda ya taɓa sauraron rediyo a matsakaicin zango da damina ya san ƙarar nan da ta ke yi in an yi walƙiya. Kafin ka miƙa hannu ka juya akwatin, ƙarar ta wuce, mai karanta labarai ya ci gaba da maganarsa. To, wannan ƙara ita ma sigina ce, watau igiyar rediyo ce wadda walƙiyar ta aiko, sai dai ba ta daɗe ba. Irin waɗannan sigina masu ɓulla su ɓace suna da yawa a cikin iska. Waɗansu da gangan a ke aiko su, waɗansu kuwa kayan lantarkin da suka lalace ne ke zubar da su. Su kan katse maganar waya, su tsayar da intanet, har ma su rikita na'urorin da jiragen sama ke bi su sauka. Ga yadda injiniyoyi ke farautarsu, da dalilin da ya sa farautar ta ke da wuya.

Igiya da yawan kaɗawarta

Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, watau kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Abin da ya bambanta wata igiya da wata shi ne yawan kaɗawar da ta ke yi a sakan. Kaɗawa ɗaya a sakan ana ce da ita haz, don tunawa da Heinrich Hertz, mutumin Jamus wanda ya nuna tabbas akwai igiyoyin nan wajen 1887. Kaɗawa miliyan ɗaya a sakan ita ce megahaz. Tashoshin FM suna zaune tsakanin megahaz 88 da 108. Taurarin GPS, masu nuna wa mutum inda ya ke a bayan ƙasa, suna aiko babbar siginarsu a megahaz 1,575.42. Bluetooth kuwa yana aiki wajen megahaz 2,400. Ashe iska kamar kasuwa ce, kowa da rumfarsa. Rigima tana tashi ne sa'ad da wani ya shiga rumfar da ba tasa ba.

Akwatin rediyo rumfa ɗaya ya ke saurare a lokaci guda. Injiniya kuwa yana bukatar ya ga layin rumfuna duka. Don haka ya ke ɗaukar na'urar tantance sigina, wadda Turawa ke kira sifektiram analaiza. Ta hannu a kan rataya ta a kafaɗa, tana aiki da batir, tana da eriya da allon gilashi. Daga hagu zuwa dama allon yana nuna yawan kaɗawa, daga ƙasa zuwa sama yana nuna ƙarfi. Kowace sigina ta kan fito kamar tudu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tashar da ke magana dare da rana tudunta na nan tsaye, ba wuya a gan shi. Wahalar tana ga tudun da ke tsirowa ya nutse kafin ƙiftawar ido.

Mai gadi da tocilarsa

Tsohuwar hanyar aikin na'urar nan ita ce shara. Tana da 'yar taga ƙarama, sai ta riƙa jan tagar daga farkon layin zuwa ƙarshe, sa'an nan ta komo ta sake. Ka ɗauka mai gadi ne a kasuwa mai rumfa 100, da dare, da tocila ɗaya. Yana haska rumfa ɗaya, ya wuce ta gaba. Sa'ad da ya ke duba rumfa ta goma, bai san abin da a ke yi a ta saba'in ba. Ɓarawon da ya kwana a rumfa lalle za a gan shi. Wanda ya shiga ya fita nan take kuwa, sai an yi sa'a.

Bari mu yi lissafin. A ce na'ura tana share faɗin megahaz 100, tagarta megahaz 1 ce, kuma tana gama zagaye ɗaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Ke nan kowace rumfa tana samun kallon kashi ɗaya bisa dubu na sakan, sauran lokacin tana cikin duhu. In siginar da a ke nema ita ma tsawonta bai wuce haka ba, damar kama ta sau ɗaya ne ko biyu cikin 100. In kuma sau ɗaya ta ke zuwa a awa, injiniya zai iya tsayawa kwana biyu ko huɗu kafin ya ga ko alamarta. Kada mai karatu ya zaci sigina gajera haka ba ta samuwa. Wayar GSM, irin wadda ta shigo Nijeriya a 2001, gutsure-gutsure ta ke aika magana, kowane gutsure bai kai kashi ɗaya bisa dubu na sakan ba. Bluetooth kuma yana tsalle daga rumfa zuwa rumfa sau 1,600 a sakan, cikin rumfuna 79.

Wani zai ce, to, mai gadin ya ƙara sauri mana. Nan ma akwai ciniki. In siginar ba ta da ƙarfi, sai an ƙuntata tagar kafin a gan ta, gama ƙaramar taga ba ta barin hayaniya da yawa ta shigo. Amma in an rage faɗin tagar sau 10, sharar ta kan ƙara daɗewa wajen sau 100. In an buɗe tagar don a yi sauri, ƙaramar sigina ta nutse cikin hayaniya. Saboda haka mai tsohuwar na'ura dole ya zaɓa: ko ya ga abu mai rauni, ko ya ga abu mai sauri.

Fitilar da ke haska layin duka

Maganin wannan ya fito ne daga lissafi. Tun 1822 wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya buga littafin da ya nuna cewa igiya, kome rikicewarta, ana iya warware ta zuwa sauƙaƙan igiyoyin da suka haɗu suka yi ta. A 1965 waɗansu Amurkawa biyu, Cooley da Tukey, suka bayyana gajeriyar hanyar da kwamfuta za ta bi ta yi wannan lissafi da sauri ƙwarai. Na'urorin yau da ita su ke aiki. Maimakon jan taga, sai na'ura ta ɗebo duk abin da ke shigowa ta eriya na ɗan lokaci, ta mai da shi lambobi, ta warware, ta nuna rumfunan duka gaba ɗaya.

Amma da sauran rina a kaba. In na'ura ta ɗebo, ta tsaya lissafi, sa'an nan ta sake ɗebowa, to, tsakanin ɗiba da ɗiba idonta a rufe ya ke. Don toshe wannan kafa aka ƙera irin wadda a ke kira mai gani nan take. Ita lissafinta ya fi shigowar igiyar sauri, tana yinsa sau dubbai a sakan, kuma kowace ɗiba tana hawa kan gefen wadda ta gabace ta, kamar yadda a ke jera kwanon rufi don kada ruwa ya sami hanya. Masu ƙera su su kan rubuta mafi gajartar siginar da na'ura za ta kama ba kuskure, ta kuma auna ƙarfinta daidai. A na'urori masu kyau wannan bai wuce 'yan kashi kaɗan bisa miliyan na sakan ba. Iyakarta ita ce faɗin da ta ke iya gani a lokaci guda ba shi da yawa ƙwarai. Fitilar tana haska layi ɗaya sarai, amma ba ta haska kasuwa duka. Tilas injiniya ya yi tunanin layin da ɓarawon zai bi.

Dabarun tunawa

Ko na'ura ta gani, idon mutum ba zai gani ba in ba a riƙe masa hoton ba. Akwai dabaru huɗu. Ta fari, a sa na'ura ta riƙe mafi tsawon tudun da ya taɓa fitowa a kowane wuri, kamar alamar da ambaliya ke bari a jikin bango. Wannan na nuna wani abu ya zo, amma ba ya faɗin yaushe. Ta biyu, a sa ta rubuta layi bayan layi, kowane layi da lokacinsa, ƙarfi kuma a nuna shi da launi, har allon ya zama kamar littafin rajista. Ta uku, a sa abin da ke zuwa kullum ya fito da launi ɗaya, abin da ke zuwa jefi-jefi da wani launi, ya kuma dushe sannu a hankali. Da haka a kan ga ƙaramar sigina ko ta ɓuya ƙarƙashin babba. Ta huɗu, a zana iyaka a allon, a ce wa na'ura duk abin da ya ƙetare ta ta adana shi da lokacinsa. Wannan tarko ne, a kan ɗana shi a tafi a kwana.

In an san rumfar da lokacin, saura a san gidan. Sai a sa eriya mai jin gefe ɗaya, a juya ta har siginar ta fi ƙarfi, a ja layi a taswira. A koma wani wuri a sake. Inda layukan suka haɗu, nan za a nufa da ƙafa.

Abin da ya faru a Wels da Amurka

A ƙauyen Aberhosan, cikin yankin Wels na Birtaniya, intanet ya yi wata 18 yana lalacewa kowace safiya da ƙarfe 7. Intanet ɗin ta wayar tarho ya ke zuwa. Injiniyoyin kamfanin Openreach sun zo sau da yawa, har suka canja wayoyi masu yawa, abin bai daina ba. A 2020 suka sake dabara. Suka fito da ƙarfe 6 na safe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, suna zaga ƙauyen da na'urar tantance sigina. Ƙarfe 7 na bugawa sai ga babban tudu a allon. Suka bi shi har wani gida, suka tarar tsohuwar talabijin ce da mai gidan ke kunnawa kullum a wannan lokaci. Wayoyin ƙauyen ne ke ɗaukar hayaniyarta kamar eriya. Mai gidan ya yarda ya daina kunna ta, intanet ya daidaita. Lura, na'urar ba ta yi amfani ba sai da aka kai ta wurin a kan lokaci.

Na filin jirgin sama na Nuwak, a jihar Niyu Jasi ta Amurka, ya fi wannan hatsari. A ƙarshen 2009 aka ga wata sabuwar na'ura mai taimakon jirage su sauka da GPS tana katsewa na ɗan lokaci, sa'an nan ta komo. Taurarin GPS suna nesa da ƙasa wajen kilomita 20,200, siginarsu kafin ta iso ta yi rauni ƙwarai, abu kaɗan ke danne ta. An yi watanni ana bincike kafin a gane daga babbar hanyar mota da ke gefen filin abin ke fitowa. Waɗansu direbobi ne ke ɗaukar 'yar na'urar toshe GPS don kada iyayen gidansu su san inda motar ta ke. Mota na wucewa, siginar ta tafi da ita, shi ya sa kamun ya yi wuya. A watan Agusta na 2012 ma'aikatan hukumar sadarwa ta Amurka suka bi sigina da eriya har suka kama wata mota, a 2013 hukumar ta sanar da tarar dala 31,875 a kan direban. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Abin da za mu kai aji

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ba kowace makaranta ce za ta sami wannan na'ura ba, amma darasin ba ya bukatarta. Ka ɗauki ƙaramar rediyo, ka sa ta a matsakaicin zango inda babu tasha, ka kai ta kusa da makunnin lantarki, ka kunna ka kashe. Yara za su ji ƙas, ƙas. Sa'an nan ka jera yara 10, ka sa ɗaya ya zama mai gadi yana duban su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma daga bayansa ka riƙa nuna wanda zai ɗaga yatsa ya sauke maza. Su ƙirga sau nawa aka ɗaga, sau nawa mai gadin ya gani. Daga nan ka bar shi ya ja baya ya dubi layin duka, su sake ƙirgawa, su gwada lambobin biyu a allo. Yaron da ya yi wannan wasa zai gane cewa rashin ganin abu ba ya nuna babu shi, zai kuma koyi rubuta lokacin da abu ya faru kafin ya yanke hukunci a kan dalilinsa.