Kurmawa: Idan Gidan Yari Ya Zama Gidan Tarihi, Me Za A Adana?

 A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Kano ta bayyana aniyarta ta mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kwashe mazauna cikinsa zuwa sabon gidan gyaran hali na Janguza da ke kan hanyar Gwarzo, wanda aka gina domin ɗaukar mutum 3,000. Shi kuwa Kurmawa tun 1910 aka gina shi, a zamanin mulkin Turawan Ingila, a tsakiyar birni kusa da fadar Sarki, kuma an tsara shi ne domin mutum 690.

Mai karatu a Warra ko Yelwa ko Shanga zai iya cewa, ina ruwanmu da ginin da ke Kano? Ruwanmu kuwa da yawa, domin mu mutanen bakin tafki mun san abin da ake nufi da rasa wuri. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tayar da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu. Tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa. Dattawanmu na iya nuna wa yaro inda gari yake daga cikin kwale-kwale, amma ba su da bango ko ƙofa da za su ɗora hannunsa a kai. Wanda ya ga haka ba ya raina maganar adana tsohon gini.

Kalmar gidan yari kanta tarihi ce. Yari muƙami ne na mai kula da ɗaurarru a tsarin sarautar Hausa, gidansa kuma shi ne wurin tsaro. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Lugga ya rubuta rahoto a kan ƙuncin kurkukun da ya tarar, ya sa shi cikin hujjojinsa na mamaye ƙasa. Sai dai mulkin da ya kafa bai rabu da ɗauri ba. Ya bar gidajen yari a hannun En'e, inda aka riƙa tsare ɓarayi da masu kisa, tare da talakan da ya gaza biyan haraji. A shekarun 1950 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri a gidajen yarin Arewa saboda ra'ayinsu na siyasa, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba. Sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su wuri guda. Ginin da ya rayu cikin waɗannan zamunna duka shaida ne a kan yadda aka yi mulki da hukunci a ƙasar nan, da adalcinsa da zaluncinsa.

Wasu na ganin wurin baƙin ciki bai cancanci adanawa ba, gara a rushe a gina asibiti ko makaranta. Wasu kuma na tsoron kada girmama tsofaffin wurare ya kai jahili ga neman tabarruki da bango. Wannan tsoro yana da tushe, amma akwai tazara mai nisa tsakanin ziyarar neman albarka da ziyarar ɗaukar izina. Ta farko malamai sun yi kashedi a kanta, ta biyu kuwa Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita a wurare da dama, inda ya yi kira a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Babu mai zuwa kurkuku neman albarka. Ana zuwa ne a ga inda iko yake kai ɗan Adam idan babu mai taka masa birki.

Afirka ta Kudu ta nuna amfanin wannan. Tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 na ɗaurinsa, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999. Saboda an adana shi, Musulmi ma sun sami nasu tarihin a ciki. A 1780 Turawan Holan suka kawo Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda aka fi sani da Tuan Guru, daga Tidore ta ƙasar Indonesiya ta yau, suka tsare shi a tsibirin shekaru da dama. A ƙasar da aka kai shi babu mushafi a hannunsa, sai ya rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan fitowarsa ya zama limamin Masallacin Auwal na Cape Town, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Ɗalibin da ya taka tsibirin nan ya ji labarin, ba zai ƙara kukan rashin littafi kamar dā ba.

Legas kuma ta nuna abin da jinkiri ke jawowa. Tsohon gidan yarin titin Broad, inda aka tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, an rushe shi a shekarun 1970, ya daɗe yana kufai. Da aka buɗe shi a 2010 da sunan Freedom Park, katangar waje ce babban abin da ya rage na asali. Yau wurin shaƙatawa ne da bukukuwa. An ceci filin, amma mafi yawan abin da zai ba da shaida ya riga ya tafi.

Saboda haka muke ganin aikin Kurmawa zai yi ma'ana ne idan an kiyaye abu uku. Na farko, a bar ɗakunan yadda suke, da ƙuncinsu da ƙananan tagoginsu. Fenti da tayil za su shafe abin da aka zo gani. Na biyu, a tattara rajistocin ɗaurarru da takardun shari'a, a ɗauki muryoyin tsofaffin gandirobobi da waɗanda suka zauna a ciki tun suna raye, tare da sakaya sunan duk wanda bayyana shi zai tozarta iyalinsa. Na uku, a ba wurin kariya ta doka ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma kariyar ta game unguwar baki ɗaya, tunda Gidan Rumfa da Gidan Makama da babban masallacin Juma'a duk maƙwabta ne. Ko dokar ma sai da tsaro: badalar Kano tana cikin jerin share fage na UNESCO tun 2007, amma hakan bai hana a ci gefenta da gine-gine ba.

Akwai kuma haƙƙin rayayyu, wanda ya fi na bango nauyi. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A 2019 doka ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, amma sauya suna bai rage wa mai jira kwana ɗaya ba. Fiye da shekara dubu da ta wuce, Alƙali Abu Yusuf ya shawarci Halifa Harunar Rashid a cikin Kitabul Kharaj da a ciyar da ɗaurarru a tufatar da su daga baitulmali, a kuma gaggauta duba shari'unsu. Tsohuwar da ke kai wa ɗanta abinci a ƙafa daga cikin birni, in an koma Janguza sai ta nemi kuɗin mota. Idan aka ƙawata tsohon kurkuku don baƙi, aka manta da na cikin sabon, an adana ginin ne aka zubar da darasinsa.

A nan gida muna da abin koyi. Tsohuwar fadar Argungu, wadda aka gina a 1831, sarakuna suka zauna cikinta har 1942, ta zama Gidan Tarihin Kanta a 1958, kuma tana nan ana ziyartarta. Muna kira ga ɗalibanmu na Yawuri da Ngaski da Shanga su zauna da dattawan da suka ga tashin 1968, su rubuta sunayen garuruwa da masallatai da kasuwannin da ruwa ya rufe. Masarauta da ƙananan hukumomi kuma su ƙidaya tsofaffin gine-ginen En'e da suka rage, kotu ce ko gidan yari ko baitulmali, kafin a sayar da filayensu.

Allah Ya kuɓutar da wanda aka tsare bisa zalunci, Ya shiryi mai laifi, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.