Daga Kara Zuwa Gidan Haya: Abin Da Falke Zai Duba Kafin Ya Sa Kuɗinsa

A 'yan shekarun nan maganar gidan haya ta yi yawa a bakin mutanenmu na Suki da Mai Wurno da Sinja, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Saniya tana mutuwa, ana sace ta, ana tare ta a kan iyakar Gallabat, fam ɗin Sudan kuwa ba ya ajiyuwa. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajarsa, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375, a shekarar kuma tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin ɗari. To, wanda ya ga haka dole ya nemi inda zai kafe dukiyarsa. Sai dai gini ma yana da nasa sharuɗɗan.

Na farko shi ne takarda. Kakanninmu sun zauna a bakin wannan kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, amma daɗewa a wuri ba ta zama hujja a gaban alƙali. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Saboda haka kada ka biya ko fam ɗaya sai ka ga takardar da ake kira shahadat bahas, sabuwa, daga ofishin rajistar ƙasa, ka ga sunan mai sayarwa a jiki, ka kuma tabbata ba a jinginar da filin a banki ba. In gidan gado ne, a tara magada duka su sa hannu. Takardar hiyaza, wato shaidar cewa mutum yana zaune a wuri, ba ta kai wannan ƙarfi ba. Abin da ya sami 'yan uwanmu a Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 ya isa ya nuna mana nauyin maganar ƙasa.

Na biyu, ina kuɗin za su fito? Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayar daga cikin dabbobinka, amma a sayar da bajimai da tsofaffi, a bar shanun haihuwa da jarin fatauci. Wanda ya zuba jarinsa duka a bulo, ranar da kasuwa ta buɗe sai dai ya zama ɗan kallo. Akwai kuma adashi, wanda mutanen nan suke kira sanduƙ. Yana da kyau wajen sayen siminti da kwano kaɗan-kaɗan, amma in kuɗi na lalacewa, mai kwasar ƙarshe shi ke cutuwa. Don haka a taƙaita zagayen, kada ya ɗauki shekara.

Sai banki. Tun da aka kafa Bankin Faisal a 1977, aka kuma mayar da bankunan ƙasar kan tsarin Musulunci a 1984, ba a ba da rance da ruwa. Abin da ake yi shi ne murabaha: banki ya sayi kayan gini ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Ko muƙawala: banki ya ɗauki nauyin ginin ya miƙa maka. Ko musharaka: ku haɗa jari, kana sayen rabonsa a hankali har gidan ya zama naka. A nan fa a yi hattara. Banki yakan karɓi cek na kowane kashi tun da farko, kuma a sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Manoman Gadarif da yawa sun ɗanɗana wannan. Kada ka rubuta cek kana dogara da shanun da ba su iso kara ba tukuna.

Na uku, lissafi. A yi shi da shanu, kada a yi da fam. Misali, in gida ya ci maka sa 40, hayar shekara kuma ba ta wuce kuɗin sa 2 ba, to shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire gyara da awa'id na hukuma da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa ba. Sau da yawa shago a bakin kasuwa ko sito na ajiye dawa da riɗi ya fi ɗakin kwana kawo kuɗi. A tuna kuma ƙasarmu baƙar laka ce, tana kumbura da damina tana tsagewa da rani, wanda ya yi rowar harsashi zai biya a bango.

Na huɗu, ɗan haya. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, da kuɗin da wa'adin da wanda gyara ke kansa, a kuma sa sharaɗin sake duba kuɗin duk shekara. Dokar hayar gidaje ta 1991 tana kare ɗan haya, fitar da shi ba abu ne na kwana ɗaya ba. Zancen zakka kuwa, ba a fitar da ita a kan gidan kansa, sai a kan kuɗin hayar, saɓanin shanu da nisabinsu ke farawa daga 30. A tambayi malamai a kan yadda za a fitar.

Abu na ƙarshe shi ne wanda yaƙi ya koya mana. Da aka fara faɗa a Hartum a Afrilun 2023, jama'a suka kwararo Madani da Sinnar, haya ta yi tashin gwauron zabo. Madani ta faɗi a Disamba, Suki ma aka shige ta a 2024 kafin soja su karɓe ta a watan Oktoba. Mai shanu ya kora abin da ya samu ya yi gaba, mai gida kuwa ya bar shi a nan. Don haka a raba ƙafa: wani abu a garke, wani a gini, wani a hannu, takardun kuma a ajiye kwafinsu a wani gari.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nemanmu, amin.